BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: WAYAR DA KAI A KAN WA'ADIN FASFO

Wannan takarda an rubuta ta ne domin jama'ar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, maza da mata, musamman maniyyata aikin Hajji da Umara, da fatake, da ɗalibai, da masu kai marasa lafiya asibitocin waje. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da muke son kowa ya riƙe shi ne wannan: ranar da aka rubuta a fasfo cewa zai ƙare ba ita ce ranar da yake daina amfani ga matafiyi ba. A ƙasashe da yawa, fasfon da bai da sauran wata 6 a gaba ba ya shigar da mutum, ko da kuwa sabo ne fil a ido.

Yadda abin ya sauya

Kakanninmu sun tafi Makka da ƙafa da jakuna, ta Borno da Cadi da Sudan, wasu sai sun shekara da yawa a hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, tafiya ta ƙara sauƙi, daga baya kuma jirgin sama ya zo. To, sauƙin tafiya ya zo da tsananin takardu. A da akwai fasfo na musamman da ake yi wa alhazai, na tafiya ɗaya tak. Tun daga 2009 Saudiyya ta daina karɓar irinsa, ta ce sai fasfon ƙasa da ƙasa. Shi ya sa dattijon da ya sauke farali shekara 30 da suka wuce ba zai iya ba ka cikakkiyar shawara a kan takardun yau ba, duk da girmansa.

Nijeriya ta fara ba da fasfo mai na'ura a 2007, ta sake inganta shi a 2019. Hukumar Shige da Fice ce kaɗai ke ba da shi. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Na shekara 10 na manya ne. Yaro na shekara 5 ake yi masa, domin kamanninsa suna sauyawa. Iyaye su lura da wannan: in an yi wa uba na shekara 10 da ɗansa rana ɗaya, na ɗan zai riga ƙarewa da nisa.

Ƙa'idar wata shida

Saudiyya tana son fasfon mai shiga ƙasarta ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Haka Dubai, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, haka Masar da Indiya, inda ake zuwa karatu da neman magani, haka Sin. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su Faransa da Jamus da Italiya, tasu ƙa'idar daban ce: fasfo ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar da za ka bar ƙasarsu, ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma da shafi 2 da ba a buga komai a kai ba. Ke nan kowace ƙasa da nata sharaɗin, kuma sharaɗi yakan sauya. Tambaya kafin biyan kuɗin jirgi wajibi ce.

Me ya sa suke haka? Domin matafiyi bai san abin da zai same shi ba. Rashin lafiya na iya kwantar da shi, jirgi na iya jinkiri, wata fitina na iya rufe hanya. Ba ƙasar da ke son baƙo ya maƙale mata da mataccen fasfo, don mayar da shi gida sai ya zama aiki. Kamfanin jirgi ma ba ya wasa da wannan, domin in ya ɗauki wanda aka ƙi karɓa a can, shi zai dawo da shi, a kuma ci shi tara. Saboda haka tun a filin jirgi na Kano ko Sakkwato ko Abuja za a tsayar da kai. Magiya ba ta aiki a wurin, sanin wani babba ma haka.

Yadda ake lissafi

Buɗe shafin da ke da hotonka. Za ka ga rana biyu: ranar da aka ba da fasfo, da ranar da zai ƙare. Ɗauki ta biyun, ka ja baya wata 6. Wannan ita ce iyakarka ta gaskiya.

Ga misali. A ce fasfon Hajiya zai ƙare ranar 30 ga Satumba, ita kuma za ta tashi Umara ranar 10 ga Mayu na wannan shekara. A idon mutanen gida fasfon yana da rai. Amma daga 10 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ko wata 5 bai cika ba. Biza ba za ta fito ba.

Maniyyaci ya ƙara kula da abu guda. Fasfo da watannin Bature yake lissafi, Hajji kuwa da watannin Musulunci, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Kuma hukumar alhazai ta jiha da ta ƙasa, wato NAHCON, suna karɓar fasfo watanni kafin tashi, don a shigar da suna a nemi biza. Wanda ya ce sai bayan ƙaramar Salla zai duba nasa, ya makara.

Maƙwabtanmu na Nijar

Ƙasar Zurmi tana iyaka da Nijar, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa ta daɗe tana haɗa mu da mutanen Maraɗi. Aure da ciniki da zumunci sun sa da yawa ba sa ganin Maraɗi a matsayin ƙasar waje. A wajen hukuma ƙasar waje ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90, amma ba ta ce a shiga ba takarda ba: sai da fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS, ga kuma katin rigakafin shawara. Sa'annan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka mai zuwa can ya tambayi jami'an iyaka halin da ake ciki, kada ya dogara da yadda aka saba. Takardar ECOWAS kuma ba ta kai mutum Makka.

Sabuntawa

Ofishin fasfo na jiharmu yana Gusau, kuma dole mai fasfo ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki a 'yan shekarun nan. Tasowa daga Shinkafi ko Zurmi a bi ta Ƙaura zuwa Gusau ba abin da ake yi da gaggawa ba ne, ba kuma abin da ake son maimaitawa ba. A shirya sosai, a je sau ɗaya:

1. Sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Suna da ranar haihuwa da ke kan NIN su zo daidai da na tsohon fasfo. In can an rubuta Muhammadu, nan Mamman, aiki ya tsaya sai an gyara, gyaran kuwa yana cin lokaci.

2. Ana cika takarda a biya kuɗi ta intanet, a shafin Hukumar Shige da Fice. Daga 1 ga Satumban 2025, a cikin gida, mai shafi 32 naira 100,000 ne, mai shafi 64 kuma naira 200,000. A riƙe rasit. A guji dillalan da ke cewa za su fitar da shi cikin dare ɗaya.

3. Fasfo yakan ɗauki makonni, ya fi daɗewa in lokacin Hajji ya gabato. In sauran wata 8 ko 9 ya ƙare kuma akwai tafiya a gaba, a je ofis a nemi bayani.

4. In ya ɓace, a kai rahoto wurin 'yan sanda, a yi rantsuwa a kotu, sannan a nemi wani. Wanda ruwa ya jiƙa, ko gara ta ci, ko yara suka yage masa shafi, daidai yake da wanda ya ƙare.

5. 'Yan'uwanmu mazauna Saudiyya su sabunta nasu a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Riyad ko Jidda, kada su bari ya mutu a hannunsu.

Kira

Muna roƙon limamai su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, hakimai da dagatai su faɗa a fada, malaman Islamiyya su faɗa wa mata, domin sau da yawa fasfon mace yana akwatin maigida, ita ba ta san ranar ƙarewarsa ba. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura, in kun je gida hutu ku duba wa iyayenku, ku rubuta musu ranar a bangon kalanda.

Mutum ya sayar da sa da buhunan gero ya biya kujerar Hajji, sa'annan a mayar da shi gida saboda wata guda da ya gaza a lissafi, wannan asara ce da dubawar minti biyu ke hanawa. Ɗauko fasfonka yau ka ƙirga. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.