Nawa Ne Uwar Kuɗin?

'Yan'uwa ɗalibai, ga tambayar da ke kayar da mutane a jarrabawa. Wata mata ta sayar da ƙorai a kasuwar Gummi kan naira 24,000, ta ci ribar kashi 20 cikin 100. Nawa ta saro su?

Masu gaggawa sukan cire kashi 20 daga 24,000, su rubuta 19,200. Maki ya tafi! A kan uwar kuɗi ake lissafa riba, ita kuwa ba mu san ta ba tukuna. To, mu kira ta x. Ribar ɗaya bisa biyar ɗinta ce:

x + x/5 = 24,000

Mu ninka ko'ina da 5:

6x = 120,000
x = 20,000

Mu gwada: riba 4,000, a haɗa, 24,000 cif. Da 19,200 ne, a 23,040 za mu tsaya.