Me ya sa taguwa ba ta sakin ƙwai sai amale ya hau ta?

Ƴan'uwa makiyaya, saniya da akuya da tunkiya suna sakin ƙwan haihuwa da kansu idan lokacinsu ya zo, ko da namiji ko babu. Saniya takan yi haka kusan kowane kwana 21. Taguwa ba haka take ba. Ƙwanta yakan nuna a cikinta ya tsaya yana jira, in ba a yi barbara ba ya lalace, wani ya taso. Zomo da kyanwa ma haka suke.

Umurnin daga kai yake fitowa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi mai fitar da sinadarin da likitoci ke kira GnRH. Shi ke taɓa wani ƙululu da ke ƙarƙashinsa, ƙululun ya zuba wani sinadarin, LH, cikin jini. LH ne ke fasa jakar ƙwai. A jikin taguwa wannan hanya a rufe take, mabuɗinta kuwa yana cikin maniyyin amale. A 1985 masana a Sin suka nuna cewa ruwan maniyyi kaɗai yana sa taguwa mai tozo biyu ta saki ƙwai, a 2012 kuma wasu a Kanada suka gano sinadarin, ana ce masa NGF. Daga mahaifa yake shiga jini har saƙonsa ya kai ƙwaƙwalwa. Cikin awoyi kaɗan LH ya hau, ƙwai ya fita bayan kwana 1 zuwa 2.

Shi ya sa nake hana yara korar amale ko ɗaga taguwa kafin ya gama. Abin kan ɗauki mintoci 10 zuwa 20, a bar su. Kuma ba na son a gurfanar da taguwa da ƙarfi alhali tana gudun namiji, don in ƙwan bai nuna ba, ko ya wuce lokaci, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya fasa shi.

Inda na fi ganin hasara shi ne wajen amale marar iri. Yana iya sa taguwa ta saki ƙwai sarai, amma ciki bai shiga ba, mai garke yana murna. Ga yadda za ku gane: kamar kwana 15 bayan barbara, ku kusanto da namiji. Mai ciki takan ɗaga wutsiya ta naɗe ta sama, kakanninmu sun san wannan tun kafin na'ura. Wadda ba ta ɗaga ba, a maida ta. In taguwoyi da yawa suna dawowa bayan amale guda, ku sake amale, ko ku kira ma'aikacin dabbobi ya duba shi. Cikin taguwa wata 13 ne; in lokacin barbara ya wuce ku, ɗa da nonon shekara guda ke nan sun tafi.