Kafson Ja-da-yalo Ba Ya Shiri Da Nono

Da wuya ka shiga kemis a unguwa, ko ka leƙa tiren mai tallar magani a tasha, ka rasa kafson nan da ake kira ja-da-yalo. A jikin kwalinsa an rubuta Tetracycline, kuma kowane kafso yawanci miligiram 250 ne. Mutum cikinsa ya ɗan murɗa, sai ya miƙa kuɗi a ƙirga masa guda biyu, ya afa da ruwan leda ya wuce. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin magani ne na gaske da ake amfani da shi tun shekarun 1950, muna ta kashe masa kaifi da hannunmu.

Aikinsa hana ƙwayoyin cutar bakteriya girma da yaɗuwa, har jiki ya samu ya ƙarasa su. Likitoci na rubuta shi, ko ɗan'uwansa doksisaikilin, don kwalara, da wasu nau'o'in ciwon sanyi, da kurajen fuska masu taurin kai, da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabba. Ba ya maganin mura ko kaɗan. Yawancin gudawa ma ba ta buƙatarsa. Abin da mai gudawa ke nema da gaggawa shi ne ruwan gishiri da sukari.

To idan likita ne ya rubuta maka, ga inda aka fi yin asara. Maganin nan ba ya shiri da nono. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono da kindirmo da madara yana kama shi tun a cikin ciki, su dunƙule, hanji ya kasa tsotsarsa, ya fita a bayan gida bai taɓa cutar ba. Mutum zai sha kafsonsa da safe, ya zauna teburin mai shayi a kaɗa masa mai kauri da madara, da rana ya kora da fura da nono, bayan mako ya ce maganin jabu ne. Maganin ƙalau yake, jini ne bai kai ba. Haka abin yake da ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, da zinki, da farin maganin ruwan nan na ƙwannafi da gyambon ciki. Masu jiƙa kanwa su sha don ciwon ciki su ma su dakata. A bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin waɗannan da kafson, gaba da baya.

Ana shan tetirasaikilin ciki ba abinci: awa ɗaya kafin a ci, ko awa biyu bayan an ci. Ga babba, sau da yawa akan rubuta sau huɗu a rana, wato duk bayan awa shida, amma adadin da kwanakin na likita ne, ba na maƙwabci ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka sha na farko da ka idar da sallar asuba, ka jinkirta karin kumallo, sannan ka tsara sauran a kan wannan. Idan ka manta guda, sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to ka bar wancan, kar ka haɗa biyu. Mai azumi ya gaya wa likita tun kafin a rubuta, don sau huɗu ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur. Shi doksisaikilin sau ɗaya ko biyu ake shansa a rana, kuma ana iya shansa da abinci.

A sha da kofin ruwa cikakke, a zaune ko a tsaye, kuma kar a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa. Kafson da ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona wurin ya zama gyambo, har haɗiyar yawu ta gagara. Yana kuma sa fatar wasu ta ƙi jure zafin rana, don haka manomi da ɗan acaɓa su rufe jiki su sa hula.

Akwai waɗanda bai kamata su kusance shi ba. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 8 ba. Maganin yana shiga cikin haƙori da ƙashin da ke kan ginuwa, haƙoran yaro su fito rawaya ko ruwan toka, launin da asuwaki da buroshi ba sa gogewa har tsufa. Uwa, ki yi wa Allah, idan jaririnki yana zawo ana cewa haƙori ne, kar ki fasa kafso ki dama masa a cokali. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari da zinki, ki ci gaba da ba shi mama, ki kai shi asibiti. Man shafawa na ido mai ɗauke da tetirasaikilin da ake sa wa jarirai a asibiti daban ne, wannan ba abin tsoro ba ne. Mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa wa likita kafin su karɓa.

Ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin kwali. Tetirasaikilin da ya tsufa ya sha zafi an san shi da taɓa ƙoda, kuma kafson da aka ƙirgo maka daga gwangwani aka ƙulle a leda ba ka da yadda za ka san shekarunsa. Barbaɗa garinsa a kan miki ba ya maye gurbin wanke ciwon da ɗaure shi, kuma wanda ake ba kaji da shanu ba na mutum ba ne.

Ɗan tashin zuciya ko laushin bayan gida kan faru. Amma idan fuska ko leɓe suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙaiƙayi da kuraje suka feso, ido ya yi rawaya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, ko gudawa ta tsananta har da jini, a tsayar da shi a nufi asibiti nan take.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka shanye kwanakin da aka rubuta maka ko da ka ji sauƙi tun da wuri. Shan guda biyu yau, guda biyu wata mai zuwa, shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin, har ga shi a wurare da yawa ya daina cin cututtukan da a da yake ci. Masu kemis, ku daina yanka wa mutane shi biyu-biyu. Kai kuma mai saye, kar ka karɓa sai da takardar likita a hannunka.