Rile da Injin Famfo: Kada Arduino Ya Ƙone

Tambaya: Ina so Arduino ya riƙa kashe mini injin famfo idan tanki ya cika. Zan iya haɗa rile kai tsaye?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi haka. Ƙafar Arduino Uno tana ba da miliamfiya 20 lafiya, naɗin rile mai bolt 5 kuwa yana jan kusan 70. Sa taransista tsakaninsu, ka ɗaura dayod 1N4007 a juye kan naɗin, don ya shanye wutar da ke komowa lokacin kashewa. Haɗa injin ta ƙafar NO ta rile, wadda ke a katse idan babu wuta a naɗin, domin in allon Arduino ya mutu, famfo ya tsaya. Za ka ce wani ya haɗa kai tsaye kuma ya yi aiki. Amma a hankali ƙafar take lalacewa. Injin yana jan wuta mai yawa wajen tashi, don haka zaɓi rile mai ƙarfi, wayar bolt 230 kuma ka bar wa ƙwararren mai gyaran lantarki.