Jakar iska ta cikin mota

Idan mota tana gudu, mutanen da ke ciki suna tafiya da saurinta. In ta bugi icce ko bango, sai ta tsaya cak. Jikin direba kuwa ba ya tsayawa. Yakan wuce gaba, ya bugi sitiyari ko gilashi. Don haka ne ake sa wa motoci jakar iska. Wani mutumin Amurka, John Hetrick, ya sami takardar shaidar ƙirƙiro irin wannan jaka a 1953.

Da yadin nailan ake ɗinka ta. A naɗe take cikin sitiyari. Akwai wata kuma a gaban mai zama kusa da direba.

Me ke sa ta buɗe? A cikin mota akwai ƴan na'urori masu auna yadda gudu ke raguwa. Taka birki ba ya buɗe jakar. Shiga ƙaramin rami ma ba ya buɗe ta. Sai in an yi karo mai ƙarfi, kamar mota ta bugi bango tana gudun wajen kilomita 20 a awa, ko fiye.

A nan sai na'urorin su sanar da kwamfutar mota. Ita kuma ta aika da wutar lantarki, ta kunna wani sinadari. Sinadarin ya ƙone, ya fitar da iskar da ake kira azot. Jakar ta kumbura kafin ƙiftawar ido, ta tare kan direba da ƙirjinsa kamar matashi. Daga nan iskar ta fice ta ƴan ramuka, jakar ta saɓe. Sau ɗaya take aiki, sai a sa sabuwa.

Amma a yi hattara! Jakar tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Tana iya ji wa yaro mummunan ciwo, har ta kashe shi.

Mu riƙe:
Yaro ya zauna a kujerar baya. Kowa ya ɗaura ɗamarar kujera, ko da motar tana da jakar iska.

Tambayoyi:
1. Ina ake ɓoye jakar iska?
2. Me ke sa ta buɗe?
3. Don me yara ba sa zama a gaba?