Gulbin Zamfara da Mutanen Bakinsa

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara ne, a cikin Jihar Kebbi. Gulbin nan ya taso daga gabas, ya biyo ta Gummi, ya wuce Jega, sa'an nan ya je ya haɗu da Gulbin Kebbi, su tafi tare su faɗa Kwara. Ƙasar Aliero da ta Maiyama, inda Gumbin Kure take, duk maƙwabtan Jega ne, kasuwa ɗaya suke ci.

Gulbin nan abin arziki ne. Masunta suna kamun kifi a cikinsa, manoma suna shuka shinkafa a fadamunsa, makiyaya kuwa suna shayar da dabbobinsu. Amma in damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai halinsa ya sāke. A lokacin nan ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan ruwa kuma. Duk ruwan da aka yi sai ya gangara ƙoramu, ƙoramu su juye cikin gulbi, gulbi ya cika ya batse. Wannan shi ake kira ambaliya.

Abin lura shi ne, ruwan ambaliya galibi daga nesa yake zuwa. Ana iya ganin rana tsaka a Jega, alhali kuwa ruwan da aka yi a ƙasar Zamfara yana tafe. A shekarar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta karya gadoji. A watan Agusta na 2024 kuma ta rushe gidaje a Gummi, dubban mutane suka rasa wurin kwana.

Ɓarnar ambaliya iri uku ce. Tana jiƙa gindin katangar ƙasa har ɗaki ya zube. Tana nutsar da amfanin gona, ta ɓata hatsin rumbu. Tana kuma kwasar ƙazanta ta zuba cikin rijiyoyi, wanda ya sha ya kamu da amai da gudawa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka mutanen gari masu hankali tun da rani suke shiri. Suna gina gidaje da rumbuna a kan tudu, su bar fadama ga shinkafa. Suna yin aikin gayya, su yashe magudanun ruwa, su daina zuba shara a ciki. Inda gaɓa ta yi ƙasa, sai su tada ganuwa ta ƙasa, su jera buhunan yashi. Suna kuma dasa itatuwa a bakin gulbi, domin saiwoyinsu su riƙe gaɓa kada ta zaizaye.

In damina ta kama, akan kafa turke a bakin ruwa, a riƙa duba shi safe da yamma. A kowace shekara kuma ma'aikatan gwamnati masu auna ruwan koguna suna ba da gargaɗi ta rediyo. In mai gari ya sa aka yi shela a tashi, to, sai a fara da tsofaffi da ƙananan yara. Kaya ana iya sāke samu, amma rai ɗaya ne.

Yara ma suna da nasu aikin. Yaron kirki ba ya wanka a gulbi in ya kawo, ba ya ƙetare ruwa mai gudu ko da iyakarsa gwiwa, ba ya shiga kwalekwalen da ya cika maƙil. Bayan ambaliya kuwa, ba ya shan ruwa sai wanda aka tafasa.

Tambayoyi

1. Daga ina Gulbin Zamfara ya taso, ina kuma ya nufa?
2. Me ya sa gulbi yake iya cika ko ba a yi ruwa a gari ba?
3. Faɗi abubuwa uku da ake yi da rani domin tsare gari.