Darasin Kwamfuta: Ƙofa Biyu, Maƙulli Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan darasi za mu duba yadda kwamfuta take gane kayan da aka soka a cikinta. Sau da yawa akan kai tsohuwar kwamfuta wurin mai gyara a Sakkwato, ya sa mata sabuwar Windows, sai murya ta ɗauke, ya ce babu direba. Direba ƙaramar manhaja ce mai sarrafa na'ura guda, kamar katin sauti. To, yaya za a san wanda ya dace?

A shekarar 1992 kamfanin Intel ya fito da tsarin PCI, hanyar da katuna suke bi su yi magana da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kowane kati yana da ɗan littafin rajista mai bayit 256. Bayit biyu na farko lambar kamfanin da ya ƙera shi ce, a lissafin goma sha shida: Intel 8086, Realtek 10EC. Biyu na biye lambar na'urar ce. In mun karanta muka ga FFFF, babu kowa a gurbin. Waɗannan lambobi mai gyara yake nema.

Yanzu sai mu natsu, domin nan ne wahalar take. Dukan katunan ƙofa biyu suke tarayya a kai. A ƙofar CF8 muke rubuta adireshin kati da rajistar da muke so, sa'an nan mu karanta ko mu rubuta a ƙofar CFC. Mu ɗauka mun je sito a kasuwar Sabon Birni, mun faɗi lambar buhunmu. Kafin mu miƙa hannu wani ya faɗi tasa, mai sito kuwa ta ƙarshe kaɗai yake riƙewa. Buhun wani za mu ɗauka. Haka direba biyu suke yi in sun shiga tare. Karatu da sauƙi, amma rubutu a rajistar wani yana iya kashe katin da ke kula da faifan ajiya ana tsakiyar aiki.

Saboda haka ba a barin direba ya taɓa ƙofofin da kansa. A Linux yakan kira pci_read_config_word, babbar manhaja ta riƙe maƙulli har matakan biyu su cika. A Windows yakan aika roƙo ga direban PCI.

PCI Express na 2003 ya faɗaɗa littafin zuwa bayit 4096, kowace rajista da adireshinta, ana isa gare ta da mataki ɗaya. Duk da haka ta hannun babbar manhaja muke bi, gama injuna masu ƙwaƙwalwar ARM ba su da ƙofar CF8 ko kaɗan.